Lenah Higbee (1874–1941)

An haifi Lenah Higbee a garin Chatham na ƙasar Kanada a shekarar 1874. Ta yi karatun aikin jinya a birnin New York, ta kammala a 1899. Bayan rasuwar mijinta a 1908, sai ta shiga sashen jinya na rundunar sojojin ruwan Amurka, tana cikin mata 20 na farko da aka ɗauka. A 1911 aka naɗa ta shugabar sashen, a zamanin da ba a ba mata masu jinya muƙamin soja.

Yaƙin Duniya na Farko da annobar murar 1918 suka ɗora mata nauyi mai girma. A ƙarƙashin jagorancinta adadin ma'aikatan ya tashi daga kimanin 160 zuwa fiye da 1,300. A 1920 aka ba ta lambar yabo ta Navy Cross, tare da wasu ma'aikatan jinya uku waɗanda murar ta riga ta yi ajalinsu.

Ta ajiye aiki a 1922, ta rasu a 1941. A 1945 wani jirgin ruwan yaƙi mai ɗauke da sunanta ya fara aiki.