Moliyar, ɗan mai katifa da ya zama gwanin wasan kwaikwayo

A ƙasar Faransa an yi wani mutum da ake kira Moliyar. A takardun lakwal ana rubuta sunan haka: Molière. Amma ba shi ne sunansa na yanka ba. Sunansa Zan-Batis Pokelan. An haife shi a birnin Pari a shekarar 1622.

Ubansa mai hali ne. Sana'arsa gyaran katifu da labule da kujeru, har fadar sarki yake yi wa aiki. Ya sa ɗansa makaranta, yana jiran ranar da zai gaje shi. Yaro kuwa hankalinsa na wurin masu wasa.

A 1643 ya bar sana'ar gidansu. Shi da wata mata, Madalen Bejar, da ƴan'uwanta suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Suka kama haya, suka sayi tufafin wasa. Masu kallo ba su zo ba. A zamanin babu lantarki, da kyandir ake haska dandali. Bashin mai kyandir ya taru, mutumin ya kai ƙara. A 1645 aka jefa Moliyar kaso, ya yi ƴan kwanaki kafin a fiddo shi. Kun ga farkon abin ba daɗi.

Sai suka bar Pari. Shekara 13 suna yawo gari gari, da kayansu bisa amalanke. Nan ne ya koyi aiki. Ya saurari maganar ƴan kasuwa, da ta manoma, da ta barori. Ya kalli masu wasa ƴan Italiya, ya ga yadda suke ba da dariya da jiki kawai. Da ƙungiya ta buƙaci sabon wasa, sai ya fara rubutawa. Babban wasansa na farko a birnin Liyon aka yi shi, wajen 1655. Lokacin ya wuce shekara 30.

Abin mamaki, shi wasan ban tausayi yake so. Shi ne ake girmamawa a lokacin. Amma muryarsa ba ta dace da shi ba. A 1658 suka komo Pari, suka yi wasa gaban sarki Luwi na 14. Da farko suka yi wasan ban tausayi na wani marubuci, Korney. Bayan an ƙare, Moliyar ya nemi izini su ƙara wani ɗan gajere na ban dariya, nasa na kansa. Wannan ne ya kama sarki. Aka ba su ɗakin wasa.

Moliyar ba ya rubutu shi kaɗai a ɗaki kamar malamin da ya shiga halwa. Yana duban abokan aikinsa ɗaya ɗaya, ya ɗinka wa kowa rigar da ta dace da shi. Ƙanen Madalen yana ɗingishi. To, a wasan Marowaci na 1668, sai ya sa baran gidan ya zama mai ɗingishi. Shi kansa yana fama da tari, sai ya ba tsohon marowacin tari, ya hau dandali ya yi shi da kansa. A ganina, a nan gwanintarsa take. Kuɗin da aka samu kuma, rabawa ake yi tsakanin ƴan ƙungiya, kowa da kasonsa.

Ya yi wa likitocin ƙarya dariya, da iyayen da ke yi wa ɗiyansu auren dole. A 1664 ya yi wasan Tartuf, labarin wani mai ibadar ganin ido da ya shiga gidan mutum don ya cinye dukiyarsa. Manyan coci suka fusata. Aka hana wasan, sai 1669 aka sake shi.

Ranar 17 ga Fabrairu 1673 yana wasan wani mutum mai lafiya da ke ganin kansa majinyaci. Shi kuwa ciwonsa na gaske ne. Ya daure har aka ƙare, aka kai shi gida, ya rasu a daren, yana da shekara 51. A lokacin coci ba ta yi wa masu wasa jana'iza sai sun tuba daga sana'ar. Matarsa ta je ta roƙi sarki. Bayan kwana 4 aka binne shi, cikin dare.