Irving Langmuir: Masanin da ya gano iyakar gudun lantarki a sararin da babu iska

An haifi Irving Langmuir a Brooklyn da ke birnin New York na Amurka ranar 31 ga Janairu, 1881. Ya kammala karatun injiniyancin sarrafa ƙarafa a Jami'ar Columbia a 1903, sannan ya tafi Jami'ar Göttingen ta Jamus, inda ya sami digirin digirgir a 1906. Bayan shekara uku yana koyarwa, sai ya koma ɗakin bincike na kamfanin General Electric a garin Schenectady a 1909. A can ya zauna har ya yi ritaya a 1950.

Shugaban ɗakin binciken, Willis Whitney, ya sakar masa mara ya bi duk tambayar da ta ja hankalinsa, ko da ba a ga ribarta nan take ba. Matsalar da ta fara ɗaukar hankalinsa ita ce yadda ƙwan fitilar lantarki ke yin baƙi daga ciki. Ya gano cewa zaren ƙarfen tungsten ne ke tururi saboda zafi, tururin ya manne a jikin gilashi. Maganin da ya kawo ya saɓa wa tunanin zamaninsa: maimakon a ƙara zuƙe iskar cikin ƙwan, sai a cika shi da iskar da ba ta cin wuta, kamar naitirojin ko argon, a kuma nannaɗe zaren. Da haka fitila ta ƙara haske da tsawon rai.

Daga wannan aiki ne ya faɗa kan tambayar da ta fi dawwamar da sunansa a kimiyyar lantarki. Idan aka zafafa ƙarfe a sararin da aka zuƙe iskarsa, yakan saki ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, su tsallaka zuwa wani farantin ƙarfe da ke fuskantarsa. Hankali zai ɗauka cewa ƙarin zafi na nufin ƙarin wuta ba iyaka. A 1913 Langmuir ya nuna cewa akwai iyaka. Ƙwayoyin da suka riga suka fito sukan taru kamar gajimare a tsakanin farantan biyu, kuma da yake cajinsu iri ɗaya ne, sai su riƙa tura na bayansu su koma. Cunkoson da kansa shi ne ke ƙayyade yawan wutar da za ta wuce.

Clement Child na Jami'ar Colgate ya riga ya fitar da irin wannan lissafi a 1911, don haka ake kiran ƙa'idar da sunan Child da Langmuir. Bisa ƙa'idar, idan aka ninka ƙarfin turin lantarki sau 4, wutar za ta ninku sau 8. Idan aka rage tazarar farantan da rabi, za ta ninku sau 4. A kanta aka gina fitilun rediyo na gilashi da suka riƙe harkar sadarwa kafin zuwan tiransista. Sai dai Langmuir bai ci moriyar mallakar ƙirƙirar ba, domin a 1931 Kotun Ƙolin Amurka ta soke takardar haƙƙin mallakar da aka ba shi kan fitilar da aka zuƙe iskarta sarai.

A shekarar da ta biyo baya, 1932, ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai saboda bincikensa kan abin da ke faruwa a saman fuskar abubuwa. Shi ne kuma ya raɗa wa iskar da ke ɗauke da caji sunan filasma a 1928. Ya rasu a jihar Massachusetts ranar 16 ga Agusta, 1957.

Ƙa'idarsa ta ɗauki ilektiron a matsayin ɗan ƙanƙanin dutse da ake jefawa. Wannan ya isa matuƙar tazarar na da faɗi. Amma idan ta ragu zuwa 'yan nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, sai halayyar kwantum ta bayyana: ilektiron yakan yi tafiya kamar igiyar ruwa, har ya ratsa shingen da gajimaren caji ya gina maimakon ya juya baya. A 1991 Y. Y. Lau da abokan aikinsa suka nuna cewa a irin wannan ƙunci wutar na iya zarce iyakar da tsohuwar ƙa'idar ta gindaya. Wani bincike na 2003 ya ƙara nuna cewa a nan, ninka ƙarfin turi sau 4 ba ya haifar da ninki 8, sai ninki 2 kawai.

Wannan bai rushe aikin Langmuir ba, iyakarsa kawai ya fayyace. Injiniyoyin da ke ƙera na'urorin lantarki masu ƙanƙantar gaske a yau da lissafinsa suke auna inda dokar da aka saba ta ƙare da inda ta kwantum ta fara. Duk wannan kuwa ya faro ne daga ƙwan fitilar da ya yi baƙi, da kuma shugaban da ya bar ma'aikacinsa ya bi tambaya har ƙarshenta.