Kitasato: Likitan Japan da ya killace ƙwayar cutar sarƙe-haƙora

A watan Yulin 2024 Japan ta fitar da sabuwar takardar kuɗi ta yen 1,000 ɗauke da hoton wani likita da ya rasu tun 1931. Sunansa Kitasato Shibasaburo, kuma a kan aikinsa aka gina maganin cutar sarƙe-haƙora, wato tetanos.

An haife shi ranar 29 ga Janairun 1853 a yankin Kumamoto da ke kudancin Japan. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Tokyo a 1883, daga baya gwamnati ta tura shi Balin ta Jamus don ya yi aiki a ƙarƙashin shahararren masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch.

Kafin zuwansa, wani Bajamushe mai suna Arthur Nicolaier ya nuna a 1884 cewa idan aka sa wa dabba ƙasa a ƙarƙashin fata, takan kamu da sarƙe-haƙora. Sai dai ƙwayoyin da ke cikin ƙasa ba su ƙirguwa, kuma an kasa ware mai laifin daga cikinsu.

Kitasato ya yi amfani da halaye biyu na ƙwayar. Na farko, idan ta shiga matsi takan dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri da ke jure zafi da fari, har ta yi shekaru a ƙasa da ranta. Na biyu, ba ta yaɗuwa inda akwai iskar oksijin. Don haka ya ɗumama cakuɗar ƙwayoyin zuwa digiri 80, sauran suka mutu, masu ƙwanso suka tsira. Sannan ya rene su a kwalbar da ya cika da iskar haidirojin. A 1889 ya samu ƙwayar ita kaɗai, ya sa wa ɓeraye, suka sandare. Ya kuma nuna cewa dafin da take fitarwa ne ke yin ɓarnar.

A 1890 shi da Emil von Behring suka gano cewa jinin dabbar da aka saba mata da dafin kaɗan-kaɗan yana ɗauke da makarinsa, wanda ke iya kare wata dabbar. Da aka fara bayar da kyautar Nobel a 1901, Behring kaɗai aka ba wa.

Ya koma gida a 1892 ya jagoranci cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa. A 1894 ya je Hong Kong lokacin annoba, amma sunan Alexandre Yersin ƙwayar annobar ta ɗauka. Da gwamnati ta mayar da cibiyarsa ƙarƙashin ma'aikatar ilimi a 1914, ya ajiye aiki ya kafa Cibiyar Kitasato. Ya rasu ranar 13 ga Yunin 1931.

Darasin aikinsa ya shafi wuri irin kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake cinikin rodi da ƙarafa, masu dako na sauke kaya da hannu. Da yawa sun ɗauka tsatsa ce ke kawo cutar, alhali ƙwayar na zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi. Ƙusa hanya kawai take buɗe mata, kuma rauni mai zurfi da iska ba ta shiga shi ne wurin da ta fi so. Haka ma cibiyar jariri idan aka yanke ta da reza marar tsabta.

Shi ya sa likitoci ke cewa a wanke rauni nan take a tafi asibiti, kada a cusa masa ƙasa ko toka. Allurar rigakafin kuwa ana yi wa masu juna biyu, da jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14.