Edward Mills Purcell

Edward Mills Purcell (30 ga Agusta, 1912 – 7 ga Maris, 1997) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan ƙasar Amurka. Shi da abokan aikinsa ne suka fara gano amsawar cibiyar ƙwayar zarra ga maganaɗisu, wato NMR, a cikin daskararren abu. A kan wannan ne ya raba kyautar Nobel ta 1952 da Felix Bloch.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Taylorville, jihar Illinois. Ya yi digirin farko a injiniyancin lantarki a Jami'ar Purdue a 1933, ya yi shekara guda a Karlsruhe ta Jamus, sannan ya kammala digirin digirgir a Harvard a 1938. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin inganta na'urar rada a MIT, inda ya ƙware a sarrafa igiyoyin rediyo.

Gwajin kakin farafin

Cibiyar ƙwayar haidirojin tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. Idan aka sa ta cikin babban maganaɗisu, aka aika mata igiyar rediyo mai daidai mitarta, sai ta sha wani kaso na ƙarfin igiyar. Wannan shan ne Purcell, Henry Torrey da Robert Pound suka nemi gani, da yamma bayan sun tashi daga aiki, da maganaɗisun aro.

Sun cika wani ƙoƙon ƙarfe da kakin farafin, irin wanda ake yin kyandir da shi, domin yana cike da haidirojin. Fargabarsu ita ce cibiyoyin za su ɗauki sa'o'i kafin su daidaita da maganaɗisun, don haka suka bar kakin a ciki tsawon lokaci kafin su fara awo. Gwajin farko bai ba da komai ba. Ranar 15 ga Disamba, 1945, da suka ƙara wa maganaɗisun wuta fiye da lissafinsu, sai alamar ta bayyana a mitar megahaz 30 ko kusa da haka. 'Yan makonni bayan haka ƙungiyar Bloch a Stanford ta ga abu ɗaya a cikin ruwa, ta wata hanya dabam.

Tasiri a binciken polima

Kalmar polima ta samo asali ne daga Girkanci, ma'anarta mai sassa da yawa: dogayen sarƙoƙin ƙwayoyi irin na leda, roba da nailan. Purcell kansa bai yi aiki a kan roba ba, amma kayan aikin daga ɗakin bincikensa suka fito. A 1948 shi da Nicolaas Bloembergen da Pound suka bayyana yadda motsin ƙwayoyi ke sauya alamar NMR: inda ƙwayoyi ke kai-komo, layin yakan yi siriri, inda suka ƙage kuwa sai ya yi faɗi. A shekarar kuma ɗalibinsa George Pake ya auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin haidirojin biyu na ruwan da ke cikin dutsen jifsam.

A 1953 Pake da C. W. Wilson suka gwada hakan a kan polietilin da Teflon. Suka raba alamar gida biyu, mai faɗi daga inda sarƙoƙin suka jeru tsaf, siririya daga inda suka cukurkuɗe. Rabon waɗannan sassa yana da hannu wajen taurin roba ko laushinta, shi ya sa masana'antu suka damu da shi.

Faɗin layin dai ya ci gaba da ɓoye bayanai. Raymond Andrew, wanda ya taɓa aiki a ɗakin binciken Purcell, ya nuna a 1958 cewa juya samfur da sauri yana tsuke layin, musamman idan an karkata shi da digiri 54.7 daga maganaɗisu. A 1976 Jacob Schaefer da Edward Stejskal suka haɗa wannan da wasu dabaru, har aka iya bambance ƙwayoyin kabon a cikin daskararriyar polima ba tare da an narkar da ita ba.

Sauran ayyuka da rasuwa

A 1951 shi da Harold Ewen suka kama igiyar rediyo mai tsawon santimita 21 da haidirojin na sararin samaniya ke fitarwa. Littafinsa na 1965 kan lantarki da maganaɗisu har yau ana koyarwa da shi. Ya kuma ba shugabannin Amurka Eisenhower, Kennedy da Johnson shawara kan kimiyya. Ya rasu a Cambridge, jihar Massachusetts, yana da shekara 84.