Erasmus: Malamin da ya ƙi shiga ɓangare, da zanen da ya tsare masa mutunci

A shekarar 1523, a birnin Basel na Suwizalan, mai zane Hans Holbein ya zana wani dattijo sanye da baƙar hula da alkyabba mai rufin gashin dabba, hannuwansa biyu a kan rufaffen littafi. Dattijon shi ne Desiderius Erasmus, malamin da Turai ta fi sauraron alƙalaminsa a wancan zamani.

An haife shi a Rotterdam ta ƙasar Holan wajen 1466, ɗan wani limamin coci da bai auri mahaifiyarsa ba. Annoba ta ɗauke iyayen yana matashi, masu riƙonsa suka tura shi gidan masu zuhudu. A 1492 aka naɗa shi limami, sai dai nazarin Latin da Girkanci ne ya cinye rayuwarsa. A 1516 ya buga Sabon Alkawari da Girkanci, aikin da Martin Luther ya dogara da shi wajen fassararsa ta Jamusanci.

Nan ƙura ta taso. Malaman Katolika suka zarge shi da share wa Luther hanya, mabiya Luther kuma suka ɗauke shi matsoraci don ya ƙi barin cocin. Cikin wannan tsaka-mai-wuya aka yi zanen, kuma kusan komai a cikinsa amsa ce ga masu suka. Rubutun Girkanci a gefen littafin ya kwatanta ayyukansa da wahalhalun gwarzo Hakulis. Ginshiƙin da ke bayansa mai adon mutanen da na nuni da ilimin Girka da Rum, tushen darajarsa. Idanunsa ba sa kallon mai kallo, leɓunansa a tsuke da ɗan murmushi, kamar wanda ya ji hayaniyar duka ya zaɓi natsuwa. Zanen ya tafi Ingila kyauta ga William Warham, babban limamin Kantabiri kuma majiɓincinsa.

A 1524 matsin lamba ta sa ya rubuta wa Luther raddi kan 'yancin zaɓi na ɗan Adam, amma hakan bai gamsar da maƙiyansa ba. Ya bar Basel a 1529 da birnin ya koma Furotesta, ya dawo a 1535, ya rasu ranar 12 ga Yuli, 1536. Furotesta suka binne shi a babban cocin birnin, sannan a 1559 fadar Paparoma ta haramta karanta dukan littattafansa.