Dokta Andrew Stirrett, Bature Mai Magani

An haifi Andrew Stirrett a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Ya zama mai haɗa magunguna a birnin Toronto, sana'ar kuwa ta karɓe shi. Amma da labarin ƙasar Hausa ya kai gare shi, sai ya rabu da kantunansa, ya miƙa dukiyarsa ga mishan ta SIM, ya shiga jirgin ruwa a 1902. Ya fara zama a Pategi, sa'an nan ya koma Wushishi, wadda ke cikin Jihar Neja ta yau, ba nisa da Minna.

Sura ta biyu ta wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa ta koya mana cewa Ɗan Allah bai aiko da ceto daga nesa ba. Ya sauko, ya ɗauki jiki, ya ji yunwa da gajiya, domin ya sulhunta mu da Uba. Mai attajirin kanti yana iya aiko da kuɗi kawai, ba wanda zai zarge shi. Stirrett kuwa ya zo da kansa. Ya koyi Hausa har ta zauna a bakinsa, ya wanke gyambo, ya yi wa'azi a kasuwanni, har jama'a suka laƙaba masa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito a 1932.

Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a Jos a 1948.