Yohanna na Dimashƙu: Malamin da Ya Kare Hoto Daga Ƙasar Halifa

Gabatarwa

A unguwarmu a Suleja na tashi tsakanin maƙwabta biyu Kiristoci. Ɗaya tsohuwa ce 'yar Katolika, wadda falonta ke ɗauke da hoton Annabi Isa da na mahaifiyarsa Maryamu. Ɗayan magidanci ne ɗan cocin ECWA, wanda ban taɓa ganin komai a bangonsa ba sai kalanda mai ayoyi. Wata rana da ƙuruciya ta ɗebe ni, na ce wa tsohuwar nan gunki take bauta wa. Ba ta yi fushi ba, ta dai nuna mini cewa ita Allah take bauta wa, hoton kuwa girmama shi take yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na kai wa magidancin labari, sai na tarar shi ma bai gamsu da hoton ba. Sai da na shigo jami'a na gane cewa gardamar tsofaffin nan biyu ta haura shekara 1,200, kuma mutumin da ya fi kowa tasiri a cikinta ya yi rayuwarsa ne kaf a ƙarƙashin mulkin Musulmi. Tarihinsa nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a taƙaice.

Asalinsa

An haifi Yohanna a birnin Dimashƙu na ƙasar Sham wajen shekarar 675. Gidansu gidan Kiristoci ne masu aikin hukuma. Kakansa Mansur shi ne ke kula da harajin birnin a zamanin Rumawa, kuma yana nan lokacin da rundunar Musulmi ta karɓi birnin a shekarar 635. Mahaifinsa, Sarjun ɗan Mansur, ya riƙe babban muƙami a sha'anin kuɗi tun daga zamanin Halifa Mu'awiya har zuwa na Abdulmalik ɗan Marwan. Ke nan Yohanna ya buɗe ido ne a gindin fadar Banu Umayya. Ya yi karatu mai zurfi cikin Girkanci, harshen da ake rubuta takardun haraji da shi a lokacin, ya kuma naƙalci falsafa da ilmin addininsa. Tarihin coci ya nuna cewa shi ma ya taɓa aikin fada kamar mahaifinsa.

Zamanin ƙuruciyarsa zamanin sauyi ne. Wajen shekarar 697 Halifa Abdulmalik ya fitar da sabon dinari wanda babu hoton kowa a jikinsa, sai rubutu zalla. Sannu a hankali kuma Larabci ya maye gurbin Girkanci a ofisoshin hukuma. A farkon ƙarni na 8 Yohanna ya bar Dimashƙu ya koma yankin Ƙudus, ya shiga rayuwar zuhudu, aka kuma naɗa shi limamin coci. Gidan 'yan zuhudu na Mar Saba, wanda ke cikin sahara kusa da Ƙudus, shi ne wurin da ake danganta shi da shi har yau.

Rikicin Hotuna

A can Kustantiniyya, wato Istambul ta yau, Sarkin Rumawa Leo na III ya soma yaƙi da hotunan ibada tsakanin shekarar 726 da 730. Hujjar masu wannan ra'ayi ba ƙarama ba ce. A Littafin Fitowa, sura ta 20, an hana yin siffar wani abu don a yi masa sujada. Suna ganin cewa jama'a sun wuce gona da iri, suna sumbatar katako da fenti suna kunna musu fitila, har abin ya zama shirka. Babban limamin birnin, Jamanos, ya ƙi yarda da matakin sarki, dole ya sauka daga kujerarsa a shekarar 730.

A nan ne abin mamakin yake. Malamin da ke zaune cikin daular sarki Kirista ba ya iya ɗaga murya ba tare da ya ɗanɗana kuɗarsa ba. Yohanna kuwa yana ƙasar halifa, inda hannun Leo ba ya kaiwa. Daga can ya rubuta maƙalu uku na mayar da martani ga masu fasa hotuna, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba hurumin sarakuna ba ne su yi wa coci doka a kan ibada.

Hujjojinsa

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, Yohanna bai yarda a zana zatin Allah ba. A wurinsa Allah ba shi da jiki, ba shi da girma ko launi, ido ba ya ganinsa, don haka duk mai ƙoƙarin zana shi ya yi wauta ya kuma yi saɓo. Inda Littafi Mai Tsarki ya ambaci idon Allah ko kunnensa ko hannunsa, Yohanna ya fassara su a matsayin misali saboda gajartar hankalin ɗan'adam: ido na nufin saninsa ga komai, kunne na nufin karɓar addu'a, hannu kuwa aikinsa da ikonsa. Mu ɗaliban harshe mun san wannan salo, domin idan Bahaushe ya ce al'amari yana hannun Allah, ba tafi da yatsu yake nufi ba.

To ina hoto ya samo ƙofa? Ta aƙidar Kiristoci cewa Kalmar Allah ta zama mutum a cikin Yesu Almasihu. Tunda a imaninsu mutane sun gan shi, sun ci abinci da shi, sun taɓa shi, to abin da ido ya gani hannu na iya zanawa. Abin da aka gani shi ake zanawa, ba zatin da ba a gani ba. Musulmi bai yarda da wannan tushe ba, domin a Musulunci Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa. Amma wanda bai san tushen ba ba zai taɓa fahimtar dalilin rataya hoton a falon tsohuwar nan ba.

Hujja ta biyu ta kalmomi ce. Ya raba tsakanin bauta, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa, wadda ake yi wa iyaye da sarakuna da wurare masu tsarki. Ya ɗauko daga malaminsu na dā, Basil, cewa girman da aka ba hoto yana wucewa ne zuwa ga mai hoton. Idan ɗan kasuwa a Suleja ya rataya hoton Sarki a shagonsa, ba wanda zai ce sarakuna sun zama biyu a garin, amma wanda ya taka hoton da gangan kowa ya san wa ya wulaƙanta.

Hujja ta uku ta shafi sana'ar hannu. Ya tunatar da abokan gardamarsa cewa littafin da ya hana gumaka, shi ne kuma ya umurci Annabi Musa ya sa a ƙera siffofin kerubobi biyu na zinariya a kan Akwatin Alkawari. A sura ta 31 ta littafin an ambaci Bezalel, maƙerin da aka cika da Ruhun Allah don ya iya aikin zinariya da azurfa da sassaƙa. Daga nan Kiristoci da dama suka ɗauki ra'ayin cewa fasaha baiwa ce daga Allah. Yohanna ya ƙara da cewa hoto littafi ne ga wanda bai iya karatu ba.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Babban littafinsa shi ne wanda za a iya fassara sunansa da Maɓuɓɓugar Ilmi, mai kashi uku: falsafa, ƙungiyoyin da yake ganin sun kauce, da bayanin aƙidar Kirista. A kashi na biyu ya yi babi a kan Musulunci, da kakkausan harshe na suka, kuma yana cikin rubuce-rubucen farko da wani malamin Kirista ya yi a kan addinin. Ya kuma tsara waƙoƙin ibada, cikinsu har da ta bikin Ista da cocin Otodoks ke rerawa har gobe. Akwai almarar da ta yaɗu daga baya, wai an sare masa hannu bisa sharrin Sarki Leo, ya yi addu'a gaban hoton Maryamu hannun ya koma. Masana tarihi suna ɗaukarta a matsayin hikaya.

Ya rasu wajen shekarar 749, bai ga nasarar ra'ayinsa ba. A shekarar 754 taron bishop-bishop na Hiyeriya, wanda Sarki Kustantin na V ya kira, ya la'ance shi da sunansa na gida, Mansur. Amma a shekarar 787 taron Nisiya na biyu ya halatta girmama hotuna ya kuma wanke sunansa. Rikicin ya sake tashi, sai a 843 aka rufe shi. A shekarar 1890 Paparoma Leo na XIII ya sanya shi cikin manyan malaman cocin Katolika.

Kammalawa

Bayansa Kiristoci ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Mai zane Mikelanjelo, tsakanin 1508 da 1512, ya zana Allah Uba a rufin wani ɗakin ibada na Batikan a siffar dattijo mai farin gemu, abin da ya tsallake iyakar da Yohanna ya shata. A ɗaya ɓangaren, Jon Kalbin da mabiyansa sun kawar da hotuna daga coci ɗungurungum, kuma daga irin wannan koyarwa bangon magidancin unguwarmu ya samo asali.

Darasin da na ɗauka daga rayuwar wannan malami na harshe ne. Kalmomin gunki da hoto, bauta da girmamawa, ba ɗaya suke ba a bakin mai amfani da su, kuma a kan bambancinsu aka kori limamai aka la'anci malamai. A gari irin Suleja, inda masallaci da coci ke jin muryar juna, wajibi ne mai nazarin harshe ya tambayi mutum me yake nufi da kalmarsa kafin ya yanke masa hukunci. Ni ban yi haka ba ranar da na tsaya a falon tsohuwar nan, ga shi kuwa ta riga mu gidan gaskiya ban ba ta haƙuri ba.